Baƙon Bayan La'asar

Saura kwana ashirin Babbar Sallah Alhaji Mainasara ya gano cewa akwai wani da ke zuwa kallon bijiminsa kullum ba tare da ya yi sallama ba.

Alhaji ya shekara talatin yana fataucin dabbobi. Garkensa na bayan garin Daura, kan hanyar Mai'adua, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa sayar da ko akuya ga mutumin da bai kalli ƙwayar idonsa ba. Mutum ne da ya yarda da Allah, bayan haka kuma bai cika yarda da kowa ba. Sai 'yarsa Fadila ta gama jami'a, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo gida da kwalin ilimin kwamfuta da babu wanda ya tambaye ta shi. Don kada zaman ya yi mata yawa, ta buɗe masa shafi a intanet, ta ɗauki hoton kowane rago da kowane sa ta ɗora, da lamba da nauyi. Alhaji ya bar ta ne kamar yadda ake barin yaro ya yi wasan ƙasa. Da aka kira daga Abuja aka sayi raguna biyar rana ɗaya, sai ya fara ce wa mutane ai dama shawararsa ce.

Ranar da abin ya fara, suna zaune a zauren gidan da hantsi, ta juyo masa da kwamfutarta don ya ga yadda kasuwa ke tafiya.

"Waɗannan layukan fa?" in ji shi.

"Baƙi ne, Baba. Waɗanda suka shigo shafin jiya."

"Wa ya gaya miki sun shigo?"

"Kukis."

Ya kalle ta ta saman tabarau. Ta san kallon, ta gyara zama.

"Ka ga fentin da kake shafa wa rago a kasuwa don ka gane naka cikin na mutane? To shafin ma yana ajiye 'yar alama irin wannan a wayar duk wanda ya shigo. Akwai ta dole, wadda ke tuna abin da mutum ya zaɓa, don kada ya koma farko duk sanda ya buɗe wani hoton. Akwai kuma ta ƙidaya, wadda ke gaya mana ko wannan wayar ta taɓa zuwa, da abin da ta duba, da daɗewar da ta yi. Ita wannan sai mutum ya yarda. Da ya shigo za a tambaye shi, ya danna 'Na yarda' ko 'Ban yarda ba'."

"Akwai masu cewa ba su yarda ba?"

"Akwai mana."

"Su nawa ne? Su wane ne?"

"Ban sani ba, Baba. Ai ma'anar ƙin ke nan."

Alhaji bai taɓa jin an buɗe wa mutum ƙofa sannan a tambaye shi ko yana so a gan shi ba. Ya ajiye maganar a ransa, wurin da yake ajiye irin waɗannan, ya ci gaba da bin layukan da yatsa. Yatsan ya tsaya.

"Wannan ɗari huɗu da goma sha takwas ɗin, me ya sa na gan shi nan, na gan shi nan kuma?"

Fadila ta danna. Ita kanta ba ta lura da shi ba sai yanzu. Baƙo mai lamba ɗari huɗu da sha takwas ya zo kwana tara a jere. Kullum tsakanin huɗu da kwata zuwa huɗu da rabi, wato daidai an sallame La'asar. Ba ya duba raguna. Ba ya duba sauran shanu. Kai tsaye yake zuwa kan farin bijimin nan mai lamba goma sha biyu, wanda ya fi komai girma a garken, ya buɗe hotunansa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya yi minti goma ko sha biyar, ya fita. Bai taɓa danna wurin tambayar farashi ba.

"Wataƙila yana so ne," in ji Fadila.

"Mai so tayawa yake yi. Wane ne?"

"Babu suna. Lamba ce kawai shafin ya ba wayarsa."

"Daga ina?"

"Ranar Litinin ya nuna Katsina, ranar Talata Kano. Kada ka dogara da wannan, layin waya haka yake yi. Zai iya zama a Legas, zai iya zama a bayan katangar nan."

Daga duk abin da ta faɗa, bayan katangar ne kaɗai ya shiga kunnensa.

Kwana biyu Alhaji yana tantance mutane a zuciyarsa. Ya fara da dillalan da suka taɓa saɓawa, ya ga sun yi yawa, kuma dukansu sun san bijimin ido da ido, ba su da bukatar hoto. Ya duba ƙaninsa, ya duba maƙwabcin garke, ya duba mai kawo dusa. Daga nan ya yi wa kansa tambayar da ya ga ta fi kowace hikima: me zai sa mutum ya buɗe hoto ɗaya kullum, alhali ya riga ya gani? Amsar ta zo masa yana cikin alwala. Ba kallo mutumin yake yi ba, nunawa yake yi. Kullum akwai sabon wanda ake nuna wa.

Wa kuma ke barin garke kullum bayan La'asar? Ɗantsoho.

Ɗantsoho shi ne makiyayin garken kuma mai gadinsa, shekara goma sha bakwai ke nan. Ya haura hamsin, doguwa ce fuskarsa, ba ya magana sai an tambaye shi, in an tambaye shi ma yakan bari tambayar ta huce. Kullum in aka idar da La'asar yakan tafi wurin mai shayi na bakin titi ya zauna rabin awa. Haka yake yi tun zuwansa, amma sai yanzu abin ya zama hujja. Ga shi yana da dangi a tsallaken iyaka, kamar rabin mutanen ƙasar Daura, har da Alhajin kansa ta wajen uwa. Abin da ya fi muni, wata biyu da suka wuce ɗansa da ke aiki a Damagaram ya aiko masa da waya mai shafawa.

"Baba, Baba Ɗantsoho ko sunansa ba ya iya karantawa da boko," in ji Fadila, da ya gaya mata.

"Hoto karanta shi ake yi?"

"Ɓarawo ai 'Ban yarda ba' zai danna, da ba mu ma gan shi ba. Wannan da hannunsa ya yarda a ƙidaya shi."

"Ke kika ce bai iya karatu ba. Ya danna ne bai san abin da ya danna ba."

Fadila ta gane cewa duk abin da ta miƙa masa don kashe wutar, itace yake zama.

Alhaji bai kai ƙara ko'ina ba. Har gobe yana alfahari da wannan. Abin da ya yi kawai, bayan sallar Azahar, wajen sa takalma a ƙofar masallacin unguwa, ya ja hannun Jibril, shugaban 'yan sintiri, ya ce masa a hankali: "Ni ban ce komai ba. Amma kwamfuta ta nuna akwai mai fitar da hoton dabbobina waje kullum bayan La'asar. A dai riƙa sa ido a kan mutumina." A hankalin nan mutum huɗu suka ji, kuma kowannensu yana da gida.

Ƙasar Daura ba ta ga abin da yammacin jihar ya gani na masu satar shanu ba, amma labari ba ya bukatar mota. Kowa ya ji yadda ake yi da wanda aka ce infoma ne a can, wato mai kai wa ɓarayi labari, da yadda ba a cika jiran bincike ba. Kalmar ta iso tun kafin abin da take nufi ya iso, tana zaune tana jiran wanda za a liƙa wa. Cikin kwana uku ta samu. Ɗantsoho ya je wurin mai shayi, bencin da ya saba samu cike ya tarar mutane sun matsa sun ba shi wuri mai faɗi. Matarsa Haulatu ta dawo da ƙwaryar furarta kusan yadda ta fita da ita. Wasu samari biyu masu gora suka fara zama ƙarƙashin darbejiyar da ke kallon ƙofar gidansa, suna gaishe shi da ladabin da ya wuce kima.

Haulatu ce ta zo ta sami Fadila a cikin gida. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, an ce na'urarki ce ta faɗi sunan maigidana. Ina so ki nuna mini inda ta faɗa."

Fadila ta rasa inda za ta sa idonta.

Da yamma ta sami mahaifinta. Ta ce akwai hanya ɗaya. Alamar tana cikin wayar baƙon ne. In aka buɗe shafin da wayar Ɗantsoho, nan take za a ga ko ita ce ɗari huɗu da sha takwas ko ba ita ba.

"To me kike jira tun tuni?"

"Na rubuta a shafin cewa ba za mu yi amfani da alamar don gano ko wane ne mutum ba. Da sunanka na rubuta, Baba. Alkawari ne."

"Da wa na yi alkawarin? Na gan shi?"

"Da duk wanda ya danna."

"Alkawarin da ba a yi musafaha ba," in ji Alhaji, ya kaɗa hannu.

Ta yarda za ta yi, da sharaɗin Ɗantsoho ya miƙa wayar da kansa, ba a ƙwata ba. Ta san wannan sharaɗin na kwantar da hankalinta ne kawai. Mutumin da masu gora ke zaune a ƙofar gidansa ba a cewa ya zaɓa.

Washegari suka je garken, aka yi La'asar a can kan buhunan dusa, aka ajiye kwamfutar a kan wani turmi da aka kife. Farin bijimin na can gefe yana tuƙa, bai san shi ne maganar gari ba. Ɗantsoho ya saurari bayanin Fadila har ƙarshe, ya zaro wayar daga aljihun gaba, a nannaɗe cikin leda, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Baba Ɗantsoho, ka yi haƙuri," in ji ta.

"Yi aikinki, Hajiya ƙarama."

Sai da ta sa masa data daga wayarta, don tasa babu ko ɗigo. A cikin wayar akwai lambobi shida, da karatun wani malami, da hoton jikarsa sau goma sha ɗaya, duk iri ɗaya. Ta buɗe shafin. Tambaya ta fito: a yarda ko kada a yarda.

"Ka gani, Baba? Tambayar ma ba ta fitowa ga wanda ya taɓa amsawa." Ta danna, ta juya kwamfutar. "Ga shi nan. Sabon baƙo, lamba ɗari tara da biyu. Wayar nan ba ta taɓa shiga shafin ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon allon.

"Rannan kin ce ana iya goge alamar."

"Ana iyawa, amma..."

"To."

Ɗantsoho na tsugune, ya zuba wa ƙasa ido. A daidai lokacin wani sabon layi ya bayyana a saman allon. Fadila ta kai yatsa.

"Baba, duba. Ga shi ya shigo. Yanzu, yanzun nan. Ga wayar Baba Ɗantsoho a hannuna."

Su uku suka zuba ido. Ɗari huɗu da sha takwas ya buɗe hoto na farko, ya buɗe na biyu, ya daɗe a kan na uku, wanda ke nuna tozon. Ko'ina yake a duniya, ba ya gaggawa.

Alhaji ya shafa gemu. An ga alamar yana neman hanya, kuma ya samu.

"Ashe ba shi kaɗai ba ne," in ji shi, yana kallon Ɗantsoho.

Ɗantsoho ya miƙe. Ya karɓi wayarsa, ya mayar da ita cikin ledarta, ya ninke. Ya ciro makullin ɗakin dusa daga wuyansa ya ajiye a kan turmin, kusa da kwamfutar.

"Ruwan bijimin sau uku ne, Alhaji," ya ce. "Ba ya shan na rana in ya ɗumama."

Ya fita ta ƙofar da ya shekara goma sha bakwai yana kullewa.

Kwana huɗu bayan haka, wata ƙaramar bas ta tsaya a bakin garken da safe, mutum bakwai suka fito suna karkaɗe riguna. Na gabansu gajere ne mai fara'a, ya ce sunansa Malam Sha'aban, yana koyarwa a wata Islamiyya a Dutsi. Sun zo ganin farin sa mai lamba goma sha biyu. Alhaji, wanda kwana huɗu ke nan yana ɗebo ruwa da kansa, ya ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya, ya aika a kira Fadila.

"A ina kuka san shi?"

"A waya mana, Alhaji," in ji Malam Sha'aban, ya zaro tasa yana dariya. "Wallahi na fi ku sanin san nan. Ragon bana ya fi ƙarfinmu, sai na ce me zai hana mu haɗu mu bakwai mu yi layya da sa, tunda shari'a ta yarda. To haɗa mutum bakwai a kan abu ɗaya, Alhaji, sai wanda ya gwada. Kullum aka sallame La'asar sai in tare mutum ɗaya a ƙofar masallaci in nuna masa. Wannan ya ce sai ya yi shawara da gida. Wancan ya shiga, bayan kwana biyu ya fita. Wannan da ka gani," ya nuna wani dogo, "sau uku ina nuna masa tozon."

"Hoton ne bai fito da kyau ba," in ji dogon.

"Me ya hana ka tambayi farashi?" in ji Alhaji.

Malam Sha'aban ya dube shi kamar ya yi tambayar yara.

"Haba Alhaji. In tambaya tun ban haɗa mutane ba, ku san ina so? Ai na ce ba za ku ji ɗuriyata ba sai ranar da na zo. Ɓoye kaina na yi sarai."

Fadila ta juya baya, ta yi kamar tana duba igiyar wani rago.

An yi ciniki, kuma an daɗe ana yi, don mutum bakwai kowa da bakinsa. Da bas ɗin ta tafi neman motar ɗauka, Alhaji ya ce wa 'yarsa, cikin muryar wanda aka tabbatar wa magana, "Kin gani ko? Na ce nunawa yake yi."

"Ka faɗa, Baba. Saura Baba Ɗantsoho."

"Sai ki aika ya dawo bakin aikinsa. Magana ta wuce."

Ta je da kanta. Samarin ba sa ƙarƙashin darbejiyar, amma bawon gyaɗarsu na nan. Ɗantsoho ya saurare ta a ƙofar gida, ya ce ya gode. Ya ce ba ya neman a ba shi haƙuri, shi ba sa'an Alhaji ba ne. Abu ɗaya yake so: inda aka faɗi maganar, a koma can a warware ta, da ƙarfin da kowa zai ji.

Alhaji ya kwana biyu yana juya wannan bukata, yana neman inda aka ɓoye raini a cikinta. Ranar Alhamis bayan Azahar, liman na shafa addu'a, Alhaji ya miƙe ya yi gyaran murya. Ya ce jama'a su yi haƙuri da minti ɗaya. Ya ce kwanakin baya an sami 'yar rashin fahimta game da garkensa, wadda na'urar zamani ta jawo, kuma kowa ya san halin kayan Nasara. Ya ce bincike mai zurfi da shi da kansa ya jagoranta ya nuna babu wata matsala. Ya ce shi dama bai taɓa ambaton sunan kowa ba, Jibril na nan shaida. Ya roƙi Allah Ya kare mu daga sharrin zato, aka ce amin da ƙarfi.

Ɗantsoho na sahu na uku. Ya jira har Alhaji ya zauna, ko sunansa zai fito. Da bai fito ba, ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Fadila ta cire alamar ƙidaya daga shafin a ranar, ta bar ta dole kaɗai. Mahaifinta ya tambaye ta ina layukan suka tafi, ta ce sun lalace. Ya ce dama ya san ba za su yi ƙarko ba.

Bayan Sallah Ɗantsoho ya kwashe iyalinsa ya koma Mai'adua, ya sami aikin kora wa wani dillali shanu ranar kasuwa. Aikin bai kai na da ba, amma babu mai zama a ƙofar gidansa. Wata Lahadi yana wucewa da shanu ta gaban rumfar masu igiya, wani mutumin Daura da ya zo cin kasuwa ya taɓa na kusa da shi.

"Wancan ba shi ne na garken Alhaji Mainasara ba? Wanda kwamfuta ta kama?"

"An ce ba shi ba ne."

"To," in ji na farkon, ya bi shi da ido har ya shige cikin turken. "An dai ce."